Kunnen Oba-oba

A shagonmu na titin Faransa, ƙarƙashin bene,
inda warin dalma ya kama bango ya ƙi sakewa,
Sallau mai gadi a Sharaɗa ya dire oba-oba kan tebur,
baƙa, an ɗaure ƙugunta da robar tayar keke.
Ya ce, "Bakinta ras. Ji ne ba ta yi.
Daren Laraba Talle ya kira ni daga ƙofar baya,
sau huɗu, in ji shi, ana jidar fatu ta katanga.
Idona biyu, tana hannuna shiru kamar bulo.
Manaja ya ce barci na yi.
In ba ku wanke ni ba, ƙarshen wata sai tafiya."

Baba Gwadabe bai ji ba.
Na sunkuya na maimaita masa ta kunnen hagu.
Shekara arba'in yana sauraren shuuu na rediyon mutane
har shuuu ɗin ya tare a kansa, ya ƙi tashi.
Ya gyaɗa kai: "Cire eriya. Kada ka yarda da kowa,
da mai kaya da manaja. Allura za a tambaya."

Na jona waya daga cikinta zuwa injin gwaji,
tsohon akwati ruwan toka da muka saya a gwanjo,
mai fanka mai tari.
Nepa ta ɗauke. Muka jira yaron maƙwabci ya ja janareta.
Koren layi ya farka a allo, ya yi miƙa.
Na saita zangonta, na tura mata sauti guda,
siriri, miƙaƙƙe, kamar sauro ya samu karatu.
Ta karɓa da ƙarfi. Sallau ya ɓata fuska.

"Ko kurma ya san tsawa," in ji Baba.
"Rage."
Na murɗa baya. Na ƙara murɗawa.
Ba a auna kunne da ihu, da raɗa ake aunawa:
a yi ta janye murya kamar mai ja da baya cikin duhu
har a ga inda za ta ɓace.
Lafiyayya kan ji a ƙasa da rabin ɗigo.
Wannan tun a tara ta saki sautin,
allura ta kwanta, sai yayyafi a kan kwano.

Kusoshi shida, ɗaya ta ci zare.
Baba ya ɗora madubi a ido, ya daɗe bai ɗago ba.
Can ya nuna da tsinken sakace:
ƙafar wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba
ta yi kore, ta rabu da mazauninta.
Gishirin majema da gumin tafin Sallau
sun yi wata da watanni suna cin ta a ɓoye.
Na kankare, na ɗiga dalma, hayaƙi ya shiga idona.

Muka koma. Tara. Biyar. Ɗaya. Rabi.
Sauron yana nan, bai nutse ba.
Na rubuta lambar farko da ta biyu a takardar shago,
Baba ya buga hatimi, ya sa hannu da ajami.
Sallau ya ninke ta huɗu, ya cusa a cikin hula.

Bai gamsu ba sai da ya ari tamu,
ya fita, ya wuce masu sayar da fanka da mai rake,
ya sha kwana.
Tasa tana kan tebur. Ta yi ƙyas, ta buɗe,
muryarsa ƙasa-ƙasa cikin hon ɗin 'yan adaidaita.
Na juya zan kai wa Baba ta kunnen hagu,
ya ɗaga mini hannu.
Babban yatsansa na kan lasifika, idonsa a rufe.
"Bari," ya ce. "Tana motsi."